Baƙuwar Ƙarfe Bakwai Saura Ashirin

Kafin Marlys Haugland ta sha gahawa, kafin ma ta wanke ido, sai ta kunna kwamfuta ta duba rajistar baƙin shafinta na intanet. Shekara ashirin da ɗaya ke nan tana haka. Mijinta Arvid, wanda ya yi ritaya daga aikin loda tama a jiragen ruwa, ya daɗe da haƙura. Shi yake haɗa gahawar ya kawo mata har gaban allo, ya ce, “Edita, yau mutum nawa suka kwana da tunanin tumatir?”

Rajistar ba ta faɗin sunan kowa, sai gari da lokacin da mutum ya leƙo. Amma akwai layi ɗaya da Marlys ba ta bukatar a faɗa mata mai shi: Two Harbors, ƙarfe bakwai saura ashirin na safe. Wannan Noreen Pelkey ce, ƙawarta.

Aikin da Marlys ke ci da shi a asibitin haƙori yake, ita ce mai karɓar mutane a tebur tana ba su ranar dawowa. Amma in ka tambaye ta ko ita wace ce, ba za ka ji maganar haƙori ba. Cewa za ta yi ita ce mai shafin Tumatir a Bakin Tafki, ta kuma ɗan dakata ko za ka ce ka san shi.

Duk wanda ya zauna a Duluth, garinsu na bakin wani babban tafki, ya san noman tumatir a nan taurin kai ne kawai. Tafkin yana hura sanyi har tsakiyar Yuni, Satumba bai gama zama ba raɓa ta fara daskarewa. Marlys ta gaji taurin kan daga ubanta Einar, tare da dabararsa. A ƙarshen Afrilu yakan kwaso ƙananan kifayen nan da ke hawowa rafi, ya adana su, ranar dashe ya binne uku a ƙarƙashin kowane tsiro. Sannan ya kewaye tsiron da jarkokin madara cike da ruwa, su sha rana da yini su riƙa ɗumama shi har safe. Wannan ne abu na farko da ta rubuta a shafin, a zamanin da sai kwamfuta ta gama kururuwa a layin tarho kafin mutum ya shiga intanet.

Kuma shafin ya yi tashe, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai lokacin da mutum ɗari tara ke shiga a rana. Mutane su rubuta mata sharhi mai tsawon wasiƙa, ta ba su amsa da wanda ya fi shi tsawo. Wani tsoho a Alaska ya aiko mata da iri a ambulan, wata malama a Manitoba ta sa wa kyanwarta suna Einar. A gefen dama na shafin akwai jerin sunaye arba'in da ɗaya na maƙwabtanta masu shafuka, kowanne in ka taɓa shi ya kai ka gidan mai shi. Mutanen wancan zamanin suna da ladabinsu. In ka ɗauko abu a wurin wani, ka ambaci sunansa ka nuna hanyar gidansa. In ka bar sharhi a shafin wani, ka rufe da sunanka da adireshin naka shafin, don ba a shiga gidan mutane da fuska a rufe. Marlys ta riƙe waɗannan biyun kamar addu'ar cin abinci.

A wannan zamanin Noreen ta shigo. Direbar motar 'yan makaranta ce a Two Harbors, mijinta Walt bai daɗe da rasuwa ba, ya bar mata lambun da ba ta san kansa ba. Sharhinta na farko layi ɗaya ne: “Me ya sa nawa kullum suke mutuwa?” Marlys ta rubuta amsa har sau biyu tana gogewa, daga baya ta ɗauki cebur ta tuƙa mota mil ashirin da bakwai ta je ta gani da idonta. Ta tarar da mace mai ƙatuwar murya tana shayar da tumatir kamar mai kashe gobara. Daga ranar suka ƙulle. Kowace Asabar ta farkon Yuni Marlys kan kai mata tsiro goma sha biyu da ta rena a bakin taga. Da aka yi wa Marlys aiki a ƙugu, Noreen ce ta zo ta yi mako biyu tana girki tana yi wa Arvid faɗa. Marlys ta buɗe mata shafi ma, ta sa ta a jerin maƙwabta, amma Noreen ba ta da hannun rubutu, sau shida ta rubuta ta bari. Karatu dai ba ta fasa ba. Kullum kafin ta tayar da mota sai ta leƙa.

Sai duniya ta koma cikin waya. Ba rana ɗaya aka watse ba, a hankali aka riƙa zamewa kamar taron biki bayan an ci abinci. Ɗari tara ta koma ɗari biyu, ta koma sittin. Tsohon Alaska ya rasu. Sunayen gefen shafin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, in ka taɓa wani ya ce babu, wani ya kai ka wurin masu tallar maganin ƙarfi. Marlys ta ƙi goge ko ɗaya. Rajista ta tsaya a goma sha huɗu, kuma ta san yawancinsu ba mutane ba ne, injuna ne masu yawo suna kwashe rubutun jama'a, su shiga su fita cikin daƙiƙa ɗaya. Duk wannan ta iya haɗiye shi, tunda kowa abin ya shafa. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne na Noreen.

Wata safiya Noreen ta fito ta tarar barewa ta cinye mata rabin lambu. Ta jingina waya a jikin bokiti don ta nuna wa Marlys ɓarnar, ta tsaya da rigar barci da takalmin roba tana zagin barewa har kakanninta. Surukarta ta gani ta ce a sa a dandalin gajerun bidiyo. Cikin mako guda mutum miliyan suka kalla. Kafin shekara ta zagayo ta zama Kaka Noreen, ana tsayar da ita a kantin kayan masarufi ana ɗaukar hoto.

Marlys ta taya ta murna da baki, har kek ta gasa mata. Amma hassada ta shige ta, irin wadda ke tashin mutum tun kafin agogo ya buga. Ita da ta yi shekaru tana auna zafin ƙasa tana rubutawa, ita da ta san sunan kowace cuta ta ganye, tana zaune a tebur marasa lafiya na jiran likita suna kallon Noreen a waya suna ƙyalƙyala dariya. Wata rana wata mata ta miƙo mata wayar ta ce, “Kin san wannan tsohuwar? An ce 'yar nan kusa ce. In kina son tumatir ki bi ta, ta san kan abin.” Marlys ta ce za ta duba, ta ba matar ranar dawowa da ta san ba za ta yi mata daɗi ba.

Sai kuma bidiyon kifi. Noreen ta durƙusa, ta jefa kifi uku a rami tana toshe hanci, ta jera jarkokin madara. Miliyan uku. Mutane suka sa masa suna dabarar Kaka Noreen. Marlys ta kalle shi sau tara tana jiran sunan ubanta, bai fito ba.

Ranar kai tsiro ta zo. Suna sauke tiren tsiro daga mota Marlys ta ce, “Na ga kifinki ya yi farin jini.”

“Ke dai bari. Miliyan uku a kan mataccen kifi. Mutane ba su da aikin yi.”

“Baba Einar dai yana ƙasa, ba zai tashi ya ce a ambace shi ba.”

Noreen ta ajiye tiren. “Na ambace ku, Mar, ke da shi. Sai abin ya wuce minti ɗaya na yanke. Can in ka tsaya godiya, kafin ka rufe baki sun wuce gaba. In kuma ka sa adireshin wani shafi, injin dandalin ya binne bidiyon, ba mai gani.”

“To ai shi ke nan, tunda inji ya hana.”

“Ki zo mu yi tare mana. Ki tsaya kusa da ni ki faɗa da bakinki.”

“In tsaya ina yi wa waya rawar kai? Ni rubutu nake yi, Noreen.”

“Ni kuma hauka nake yi ke nan.”

“Ni ban ce ba.”

Suka yi dariya, suka dasa tsiron tare, amma Marlys ta koma gida da abin a wuyanta. Tun daga ranar ko layin Two Harbors ta gani a rajista sai ta ce a ranta: ga ta nan ta zo cefanen dabara.

A wannan makon aka haifi Gary. Marlys ta buɗe akawun a dandalin da sunan Gary daga Fargo, ta sa masa hoton tarakta. Da farko gyara kawai yake yi a ƙarƙashin bidiyoyin Noreen: ba a shayar da tumatir da tsakar rana, wannan ba cutar ganye ba ce, ƙarancin taki ne. Da ya ga ba mai hana shi sai ya fara cizo. Ya ce muryarta kamar ƙofar gareji. Ya ce a ba ta waya a karɓe cebur, kowa ya huta. Abu ɗaya ne ke ba Marlys wahala, duk sanda Gary ya gama magana sai yatsunta su nemi rufewa da suna da adireshi, sai ta riƙe su.

“Edita,” in ji Arvid wata rana yana yanka burodi, “wane ne wannan da kike yi wa murmushi a waya? Ni da na yi shekara talatin da takwas ina haɗa miki gahawa ban taɓa samun irinsa ba.”

“Labarai nake karantawa.”

“To Allah ya sa labaran su ƙare lafiya.” Ya ci gaba da yanka burodinsa.

A watan Yuli Noreen ta zo ta zauna a teburin kicin ɗin Marlys, ta cire tabarau. Can ta ce, “Akwai wani mutum, Mar. Gary. Masu zagi da yawa, ba na ko kula su. Amma shi kamar ya san inda ke min ciwo. Ranar nan sai da na tsayar da mota a gefen hanya na yi kuka, da girmana.”

Marlys ta zuba mata gahawa. “Rabu da shi. Wani ne da ya rasa abin yi.”

“Abin haushin ma, duk ranar da ya zage ni sai mutane su taru suna rama min, injin ya ga ana hayaniya ya ƙara tura bidiyon gaba. Shi yake ƙara min jama'a bai sani ba.”

Hassada ga mai rabo taki ce, kuma in akwai wadda ya kamata ta san aikin taki a garin nan, Marlys ce. Ta ji kunya a ranar, kunya ta gaske. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi mara kyau, cewa yau ga rubutunta ya sa mutum ya tsayar da mota. Gary ya yi mako uku bai ce uffan ba.

Wata Asabar a Agusta, da safe, Marlys ta buɗe waya ta ga Noreen riƙe da takardar gayyata. An kira ta babban bajekolin jiha ta yi wa jama'a jawabi kan noman tumatir a ƙasar sanyi, har an buga hotonta da taken Sarauniyar Tumatir. Sau huɗu Marlys ta taɓa rubuta wa mutanen bajekolin nan tana neman a ba ta ko minti ashirin, ko amsa ba ta samu ba.

Akwai wani sirri a tsakaninsu. Bara cuta ta kashe tumatir ɗin Noreen kaf, Marlys ta kai mata kwando biyu daga nata, Noreen ta yi bidiyon miya da su ba ta ce nata ba ne, ba ta kuma ce ba nata ba ne. A lokacin Marlys cewa ta yi ba komai. Yanzu tana tsaye a bakin ƙofar baya, safar hannun aikin lambu a hammata, ta shiga rigar Gary ta rubuta da sauri, ranta na tafasa: “Ku tambayi sarauniyarku tumatir ɗin wa ta yanka a bidiyon bara. Nata duk ya ruɓe, a kwando aka kai mata. Kifin ma ba nata ba ne. Matar da aka koya wa riƙe cebur ita za ta koya wa jiha noma.” Yatsun da ta yi wata biyu tana riƙewa suka ƙarasa aikin da suka saba shekara ashirin: Marlys Haugland, Tumatir a Bakin Tafki, da adireshin shafin cif. Ta tura, ta ajiye wayar a kan firji, ta fita cire ciyawa.

Awa biyu ta yi a lambu, har tana jin sanyi a ranta. Da ta shigo ta tarar da Arvid tsaye gaban kwamfuta.

“Edita, rajistarki ta lalace ne? Tana cewa dubu shida.”

Ta goge sharhin, amma an riga an ɗauki hotonsa, an jera shi da duk abin da Gary ya taɓa faɗa, har ƙofar gareji. Kafin la'asar mutum dubu arba'in da ɗaya sun shiga shafin. Taron da ta yi shekaru tana roƙo ya zo, kowa da dutsensa a hannu. Suka cika wurin sharhi da zagi, har a ƙarƙashin rubutun da ta yi ranar da ubanta ya rasu.

Wayar gida ta yi ƙara. Ba mai kiran wannan layin sai mutum ɗaya.

“Ke ce Gary,” in ji Noreen. Muryar nan mai cika gida ta koma ƙarama.

“Noreen, ki bari in...”

“A teburinki na yi miki kukansa. Kika ƙara min gahawa.”

Marlys ta buɗe baki, ita da kalma ba ta taɓa yi mata wuya ba. Abin da ya fito ya fi shiru muni. “Kullum kina shigowa shafina. Ina ganinki. Kina ɗauka kina tafiya.”

“Ɗauka.” Noreen ta ja numfashi. “Mar, can mutum miliyan suna kallona, ban san ko ɗaya ba. Tun rasuwar Walt ba mai ce min komai da safe. In na karanta naki sai in ji kamar wani ya yi min magana kafin in fita. Rabin abin da kike rubutawa ma ba na ganewa.” Sai ta ce, “Ki gaida Arvid.”

Washegari Noreen ta yi bidiyo, ba dariya, ba takalmin roba. Ta ce gaskiya ne, tumatir ɗin bara na Marlys ne, ya kamata ta faɗa ba ta faɗa ba. Ta ce kifi da jarkoki dabarar wani mutum ce mai suna Einar, 'yarsa ce ta tuƙo mota ta zo ta koya mata a lokacin da ba ta da kowa. Ta ce duk mai ƙaunarta ya fita daga shafin matar nan. Bidiyon ya wuce minti uku, ba ta yanke ko kalma ba, kuma mutum miliyan biyu suka kalla. Marlys ta ji sunan ubanta a bakin duniya kamar yadda ta so. Ta yi kuka, kuma don kada a yi mata ƙarya, ko a cikin kukan sai da wani gefe na zuciyarta ya ce: ita ko yafiya ta yi sai miliyan biyu sun gani.

Taron ya watse cikin kwana huɗu, sun sami wani abin. Marlys ta share zagin ɗaya bayan ɗaya. Ta kira Two Harbors ba a ɗauka ba. Ta aika wasiƙa ta gidan waya, shiru. Sai ta yi abin da ta iya, ta rubuta doguwar ban-haƙuri a shafin, da sunanta da komai, ta bar ta a sama inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Injuna suka zo suka kwashe ta cikin daƙiƙa ɗaya. Layin Two Harbors kuwa bai ƙara fitowa a rajista ba.

Dusar ƙanƙara ta rufe lambun, ta narke. A watan Maris Marlys ta zuba iri a ƙananan kofuna a bakin taga. Arvid ya ƙirga kofunan ya ga nasu ashirin, da wasu goma sha biyu a gefe, ya matsar da kujerarsa don su samu rana.

Ranar Asabar ta farkon Yuni ta tashi tun shida. Ta zauna gaban allo, hannunta a cinya. Arvid ya kawo gahawa, ya tsaya a bayanta, wannan karon bai kira ta Edita ba.

“Mil ashirin da bakwai ne, Mar. Akwai mai a mota.”

“In ta ƙi buɗe ƙofa fa?”

“Sai ki ajiye mata a bakin ƙofa. Tsiro ba ya bukatar a yi masa magana.”

“Bari dai lokacin ya yi.”

Agogon kicin ya kai bakwai saura ashirin. Ta sabunta rajistar. Ta jira minti biyar ta sake, ko motar ta ƙi tashi, ko an yi jinkiri, ko da yake ta san Asabar ce ba makaranta. Baƙi goma sha uku, ba Two Harbors a ciki. Gahawar ta huce a gefen allo. Marlys ta tashi ta fara jera kofuna goma sha biyun a tire.